Kurakuran masu shiga duwatsu da mota a lokacin hunturu

Da zarar an kawar da amfanin gona, sanyin Disamba da Janairu ya kankama, sai ka ga abokai sun haɗa motoci ranar Asabar sun nufi kudancin Kano, su bi ta Tudun Wada, su ratsa dajin Falgore har duwatsun Riruwai a ƙaramar hukumar Doguwa. Waɗansu kuma Birnin Kudu suke nufa, su ga tsofaffin zanen shanu na Dutsen Habude da Dutsen Mesa. Lokacin ya dace, don rafuka sun janye. Sai dai wannan bushewar ita ce take yaudarar direbobi, kuma yawancin wahalar da ake sha daga nan take farawa.

Babban kuskure shi ne a ga rafi ya ƙafe a afka masa kai tsaye. Yashin sama ya bushe, amma ƙarƙashinsa da sauran danshi, a fadama ma ɓawo ne kawai a sama, taɓo na kwance a ƙasa. Kafin ka shiga, sauko ka taka da ƙafa, ka soka sanda, ka duba inda amalanke da babura suke bi. Idan za ka ƙetare, sa taimako, wato giyar da ke sa duka tayoyi huɗu su ja motar, tun kana kan ƙasa mai ƙarfi, ka zaɓi giya ɗaya, ka tafi da ita bai ɗaya har ka haye. Canza giya a tsakiyar yashi shi ke kashe ƙarfin mota.

In kuwa ta kafe, ɗaga ƙafarka daga totur. Nan ne ake yin ɓarnar da ta fi kowace: direba ya ji haushi ya yi ta taka wuta, tayoyi na haƙa rami, har cikin motar ya zauna a kan yashi, kuloci na ƙauri. Gwada komawa baya a hankali ta kan sawunka. In ta ƙi, sai a kwashe yashin gaban tayoyi da shebur, a shimfiɗa kara ko rassa. Jak kuma ba ya tsayuwa a yashi sai da faffaɗan katako a ƙarƙashinsa, kuma abin mamaki, shi ne abin da kusan kowa yake mantawa a gida.

Iskar taya ma mutane ba sa taɓa ta. Tayar da mai faci ya cika ta 32 ko 35 a ma'aunin iska don kwalta, a yashi nitsewa take yi. Rage ta zuwa wajen 20, sai ta baje ta hau saman yashin. Amma da sharaɗi: kada ka yi gudu, kada ka murɗa sitiyari da ƙarfi, don taya na iya zamewa daga rim. Kuma ka riƙe ma'auni da famfon da ake jonawa da batir, ka mayar da iskar kafin ka hau titi. Haka taimakon: a motoci irin su Hilux, in aka bar shi a kan busasshiyar kwalta, giya da aksul ne suke shan wahala.

A kan dutse, hawa ba ya ba da tsoro kamar gangara. Wanda ya sauko yana danne da birki tun daga sama, birkin zai yi zafi ya daina kamawa daidai lokacin da ake buƙatarsa. Sa 4L, wato taimako na tafiya a hankali da ƙarfi, da giya ta ɗaya, ka bar inji ya riƙe motar, kada ka taka kuloci. In mota ta kasa hawa, kada ka ce za ka juya ta a gicciye, nan take kifewa. Sa ribas ka sauko a miƙe. A yankin Riruwai kuma akwai tsofaffin ramukan haƙar kuza, ciyawa ta rufe bakin waɗansu, don haka barin hanya a yanki daji ganganci ne.

Ciyawar nan tana da wani haɗarin. Tana taruwa a ƙarƙashin mota kusa da salansa mai zafi, ga iskar hunturu, ga komai a bushe. Duk inda kuka tsaya, leƙa ƙasa ka zare ta, kuma kada ka ajiye mota a cikin doguwar ciyawa. Ƙura kuwa tana toshe matatar iskar inji, a ciro ta a kakkaɓe da yamma. In kuna tafiya a jere, bar tazara har ƙurar na gaba ta kwanta, ka kunna ƙananan fitilu; babbar fitila a cikin hazo dawo maka take yi a ido.

Sai kuskuren da ba na mota ba, wanda a ganina ya fi sauran tsada. Mutane su shigo ƙauye da kiɗa, su wuce dattawa a gindin bishiya ko sallama babu, su ratsa gonar da aka girbe. Tushiyar dawa kaɗai ta isa ta farka gefen taya, ban da haƙƙin mai gona. Tsaya ka gaida mai unguwa ko dagaci. "Ranka ya daɗe, baƙi ne mu daga Kano, dutsen nan muke son gani, ko da wanda zai raka mu?" Sau da yawa za a haɗa ku da mafarauci ko ɗan banga da ya san mashigi, ya san burtalin shanu, ya san inda ba a zuwa a wannan makon. Falgore ya sha fama da ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane a shekarun baya, kuma taswirar waya ba ta san wannan ba, balle ma sabis yana ɗaukewa a tsakanin duwatsu. Kada mota ɗaya ta shiga ita kaɗai, kuma a gaya wa na gida inda aka nufa.

Rana tana faɗuwa da ƙarfe 6 da 'yan mintuna, hazo kuma yana kawo duhu kafin nan, don haka daga la'asar a fara neman hanyar fita ko masauki a cikin gari. Wanda zai kwana ya taho da bargo da rigar sanyi na gaske. Kada sanyin asuba ya sa a shigar da kaskon gawayi cikin tanti ko ɗaki a rufe ƙofa: iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari, kuma tana kashe mutum yana barci.