Yadda za a kula da yaron da ke fama da kumburin hanji mai daɗewa

A cikin hanjin kowane yaro akwai ƙwayoyin bakteriya masu ɗimbin yawa waɗanda ba cuta ba ne. Wasunsu suna cin sauran abincin da ciki bai narkar ba, irin dusar hatsi da ɓawon wake, su fitar da sinadarin da ke ciyar da bangon hanji. Masu bincike sun lura cewa ire-iren waɗannan ƙwayoyi suna raguwa a jikin yaran da ke da cutar Crohn, wato wani nau'in kumburin hanji mai daɗewa, wadda likita Burrill Crohn da abokan aikinsa suka bayyana a 1932, da kuma 'yar'uwarta mai sa gyambo a babban hanji.

Abin da iyaye za su fara yi shi ne lura da tsawon lokaci. Gudawar kwana uku daban take da wadda ta shafe makonni tana tafiya tana dawowa, musamman idan akwai jini ko majina a bayan gida, yaron yana tashi cikin dare saboda murɗawar ciki, wandon da ya yi masa daidai a ƙaramar salla ya fara zamewa daga ƙugunsa, ko kuma ƙannensa suna neman kamo shi a tsawo. A rubuta sau nawa yake zagayawa a rana, da abin da ya ci, a tafi da takardar wurin likitan yara.

A nan ne nake roƙon iyaye su yi haƙuri da zuwa kemis. Sayen Flagyl ko Ampiclox duk lokacin da cikin yaro ya ɓaci yana kashe ƙwayoyi masu amfani tare da marasa amfani, kuma bincike ya danganta yawan shan irin waɗannan magunguna a ƙuruciya da ƙaruwar haɗarin cutar Crohn. Haka kuma a guji ibuprofen da diclofenac, domin suna iya tayar da ciwon. A ƙasashenmu atuni da tarin fuka na hanji suna kama da wannan cuta ƙwarai, saboda haka sai an gwada jini da bayan gida, wani lokaci a leƙa hanjin da na'ura, kafin a fara maganin Crohn da ke danne garkuwar jiki.

Idan an tabbatar Crohn ce, likitoci kan fara da wani abincin ruwa na musamman wanda yaron zai sha shi kaɗai na mako 6 zuwa 8. Abin da wuya ga yaron da ke kallon 'yan'uwansa suna cin tuwo, amma a daure a kammala.

Bayan ciwon ya lafa, a koma wa abincin gida sannu a hankali. Wani bincike na 2010 ya kwatanta yaran wani ƙauye a Burkina Faso, masu cin gero da dawa da wake, da yaran birnin Florence na Italiya, aka tarar hanjin yaran ƙauyen ya fi yalwar ire-iren ƙwayoyi. Kunun gero, miyar kuɓewa, wake da ya dahu luguf da kindirmon da aka tafasa madararsa sun fi biskit da lemon kwalba, sai dai ba sa maye gurbin magani. Yaron da likita ya ce hanjinsa ya tsuke kuwa, a tambaya tukuna kafin a ba shi ganye ko abinci mai dusa, domin yana iya toshe masa hanji.