Injin da ya daɗe a kwance, kada ka murɗa masa makulli

Salamu alaikum 'yan uwa makanikai na nan Jidda.

Idan an kawo maka tsohuwar mota da ta shekara biyar a ajiye, kar ka taɓa makulli. Koyarwar marigayi maigidanmu ce, Allah ya jiƙansa da rahama.

Cire filogi duka. Zuba cokali biyu na man giyar otomatik a kowace silinda, ka bar shi kwana uku. Sannan ka kama notin fulin gaba (fulin da ke kan karanshaf) da sifana, ka riƙa juya injin a hankali, gaba kaɗan, baya kaɗan.

Dalili kuwa, baƙin mai ya daɗe da tsiyayewa ƙasa, danshin teku kuma ya manne ringi (zoben fistin) da bangon silinda. Ƙarfin bugun sitata sau ɗaya ya isa ya karya ringin, na tsohuwar mota kuwa wahalar samu gare shi.

In injin ya saki, rufe ramukan filogi da tsumma ka juya injin man ya fito kafin ka mayar da filogi, in ba haka ba kwanrod (sandar da ke haɗa fistin da karanshaf) zai iya lanƙwashewa. Canza baƙin mai, zubar da tsohon fetur.

Motar da ambaliya ta shiga injinta, wannan dabara ba ta yi mata. Sai an buɗe kan injin.