Yadda ake ƙirƙirar NFT a sayar ba tare da 'yan damfara sun wanke ka ba

NFT shaidar mallaka ce ta intanet da ake yi wa hoto ko zane, wadda za a iya sayarwa. Fara da abin da ka mallaka: hoton hawan Sallah da ka ɗauka da kanka a ƙofar fadar Sarkin Gombe, ko zanen hannunka. Wanda ka kwaso a Facebook ba naka ba ne, mai shi na kai ƙara za a iya sauke shi.

Sauke manhajar MetaMask ka buɗe walat, wato asusun ajiye kuɗin kirifto. Zai ba ka kalmomi 12, su ne mabuɗin walat ɗin. Rubuta su da biro ka ajiye inda kake ajiye takardar fili, kada su kwana a cikin waya. Daga nan ka haɗa walat ɗin da OpenSea, kasuwar NFT ta intanet, ka zaɓi Polygon a matsayin hanyar sadarwar da za a yi rajistar NFT ɗin a kai. Sabon shiga ba shi da abin yi a hanyar Ethereum, kuɗin gas (cajin da ake biya kan kowace hada-hada) kaɗai zai iya cinye ribar. Tun 2023 OpenSea ta daina bari a buga NFT kyauta, don haka sayi POL kaɗan, kuɗin biyan gas a Polygon, wanda ake kira MATIC kafin Satumban 2024. Ɗora hoton, sa masa suna da bayani, ka buga.

Inda yaranmu na Pantami da Jekadafari a Gombe ke faɗawa rami yana gaba. Kana tallata aikin a X ko Instagram, sai ga saƙo: wani mai hoton Bature ya yaba, zai saya dala dubu uku, amma a wani shafi da zai turo maka. Ka yi rajista, ka ga kuɗin ɓaro-ɓaro a allo, sai a ce ka fara biyan kuɗin gas kafin ka cire. Ka biya, a ƙirƙiro wani cajin. Lambobin nan zane ne kawai, babu ko sisi a bayansu. Wani kuma zai ce ka shigar da kalmomin 12 don "tabbatarwa", minti biyar walat ya zama wayam. Mai saye na gaskiya a OpenSea yake dannawa ya biya, kuɗin su shigo walat ɗinka ba ka tura wa kowa komai ba. Duk wanda ya ja ka wani shafi, toshe shi.

Farashi kuma, manta da dala miliyan 69 da mai zane Beeple ya samu a NFT ɗinsa a 2021, kasuwar ta faɗi warwas tun 2022. Sa kuɗi kaɗan, ka nemi masu saye da kanka. In an saya, mayar da kuɗin zuwa USDT, kirifton da ke bin darajar dala, ka sayar ka karɓi naira, kuma kada ka saki USDT ɗin sai alat ya shigo asusunka na banki.