Darasi na Tara: Idan Allo na Biyu Ya Ƙi Kawo Hoto

A shagunan buga takardu na garuruwanmu, daga Bichi har Ringim, an fara sabawa da allo biyu a kwamfuta ɗaya. Mai shago yana cike fom a allon gabansa, mai takarda yana kallon ɗayan don ya tabbatar an rubuta sunansa daidai. Malamin aji ma yakan haɗa laftof da talabijin ko majigi. Wannan darasi na masu aiki da Ubuntu ne ko Linux Mint, nau'o'in manhajar Linux mai tafiyar da kwamfuta, da ba a biyan kuɗin lasisinsu, waɗanda ke tashi lafiya a kwamfutocin da aka saya na hannu.

Da allon ya ƙi kawowa, sai ka ji an ce ai Linux ba ya ɗaukar allo biyu. Yana ɗauka. Galibi laifin na waya ne ko na kafar da aka soka ta. Saboda haka a fara bincike daga waje, kuma a riƙa canza abu ɗaya tak a lokaci guda. Wanda ya canza waya da adafta da saiti gaba ɗaya, ko hoto ya zo bai san abin da ya gyara ba.

Wuta da waya

Dubi ƙaramar fitilar da ke ƙasan allon. In ba ta kama ba, wuta ce ba ta shiga, sai a duba soket da wayar wuta. In ta kama amma allon ya rubuta "No Signal", allon lafiyarsa ƙalau, hoto ne bai iso shi ba. Danna maɓallin "Source" ko "Input" na jikinsa, ka zaɓi kafar da wayar take ciki. Talabijin mai kafar HDMI biyu ko uku ya sha ruɗa mutane a nan: waya tana ta biyu, shi yana jiran ta ɗaya.

Wayoyin da aka fi samu a kasuwanninmu biyu ne. VGA mai shuɗin kai ce, da allurai 15 da sukurori biyu, hoto kawai take ɗauka babu sauti. HDMI siririya ce, tana ɗaukar hoto da sauti tare. Zare VGA ka duba alluran a haske. Uku na farko su ke ɗauke da ja da kore da shuɗi. In hoton ya koma rawaya, shuɗin ne ya yanke. In ya koma shunayya, koren ne. Allurar da ta lanƙwashe ana miƙe ta a hankali da ƙaramar sukundireba, amma wadda ta karye sai sabuwar waya. Lokacin hunturu ƙura tana cika kafofin, a share su da busasshen buroshi bayan an kashe wuta. Kada a hura da baki, yawu na kawo tsatsa.

Mai kwamfutar tebur ya leƙa bayan akwatin. In akwai kafofin hoto a wuri biyu, wasu a sama kusa da na USB, wasu a ƙasa a kwance, to an sa mata katin hoto na daban. A yawancin irin waɗannan, kafofin sama suna daina aiki da zarar an sa katin. Wayoyin duka biyu su koma ƙasa.

Adafta

Nan ne kuɗin mutane ya fi salwanta. Adaftar da ke mai da HDMI zuwa VGA hanya ɗaya take bi: kan HDMI a kwamfuta, kan VGA a allo. In kwamfutarka ce mai VGA, talabijin kuma HDMI, wata adaftar ce daban, kuma tana da ƙarin wayar USB da take shan wuta da ita. Ka faɗa wa mai kaya abin da ke jikin kwamfutar da abin da ke jikin allon, ko ka ɗauki hotonsu a waya ka nuna masa.

Akwai kuma ƙaramin akwati mai raba HDMI gida biyu. Hoto ɗaya yake maimaitawa, ba zai ba ka aiki daban a kowane allo ba. Haka nan ba kowace kafar USB-C ce ke fitar da hoto ba, wata caji da tura fayil kawai take yi.

Saitin cikin kwamfuta

A Ubuntu, riƙe maɓalli mai tambarin Windows ka danna P. Zaɓuɓɓuka za su fito, ka ci gaba da danna P har ka kai wanda kake so. Ko ka shiga "Settings", sannan "Displays". "Mirror" yana nuna abu ɗaya a allon biyu, shi ya dace da aji da kuma cike fom a gaban mai shi. "Join" yana haɗa su su zama fili ɗaya mai faɗi. A Linux Mint wurin ana kiransa "Display".

Za ka ga 'yan akwatuna biyu masu lamba 1 da 2. Ja su da linzami su zauna yadda allunan suke a kan teburinka. In allo na biyu yana hagu amma saitin ya ajiye shi dama, sai ka tura linzami hagu ya cije. Bayan ka danna "Apply", Ubuntu zai tambaya ko a bar canjin, ya jira daƙiƙa 20. In allon ya yi baƙi, ka ɗauke hannunka, zai koma yadda yake da kansa.

Tambayar kwamfutar abin da take gani

Danna Ctrl da Alt da T tare, Terminal, wato tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, zai buɗe. Rubuta xrandr da ƙananan baƙaƙe, ka danna Enter. Sunayen kafofi za su fito, irin su eDP-1, wato allon laftof ɗin kanta, da HDMI-1 da VGA-1. In an rubuta "disconnected" a gaban kafar da ka soka waya, kwamfutar ba ta ga allon ba, ka koma kan waya da adafta. In "connected" ne amma babu hoto, rubuta wannan:

xrandr --output HDMI-1 --auto --right-of eDP-1

Yi amfani da sunayen da taka kwamfutar ta nuna, domin suna bambanta. Linux yana da tsarin nuna hoto iri biyu, X11 da Wayland. Umarnin yana aiki ne a tsarin X11, wanda Linux Mint ke tashi da shi. Ubuntu 22.04 da 24.04 kuwa galibi da Wayland suke tashi, a can xrandr ba ya canza komai, sai ta "Displays". Don sanin wanda kake kai, rubuta echo $XDG_SESSION_TYPE.

Katin hoto na kamfanin NVIDIA yana da nasa hali. In shi ne a kwamfutar, buɗe "Additional Drivers" a Ubuntu ko "Driver Manager" a Mint, ka zaɓi direban da aka ba da shawara (manhajar da ke sa katin aiki), ka sake tayar da ita. Saukewar na cin data sosai, a yi ta inda sabis ke da ƙarfi.

Hoto ya zo amma bai yi daidai ba

In rubutu ya yi ɓaro-ɓaro kuma saitin ya ƙi wuce 1024x768, ga dalili. Kowane allo yana sanar da kwamfuta girman hoton da yake iya ɗauka, saƙon da ake kira EDID. A wayar VGA ta allura ta 12 da ta 15 yake bi. Waya mai araha ko adafta mara kyau tana yanke shi, sai kwamfutar ta zaɓi ƙaramin girma. Akwai hanyar ƙara girman da hannu ta umarnin cvt da xrandr, amma gyaran yana gogewa da an kashe kwamfutar. Canza wayar ya fi sauƙi.

In allon ya rubuta "Out of Range", an ba shi abin da ya fi ƙarfinsa. Rage girman, ka mayar da "Refresh Rate" zuwa 60. In gefen hoto ya yanke a talabijin, gyaran yana rimot ɗinsa: "Just Scan" a LG, "Screen Fit" a Samsung. In sauti ya ɓace bayan soka HDMI, ya koma allon ne, alhali wani allon ba shi da lasifika. Shiga "Sound" ka mayar da shi.

Hoton da ke rawa ko yin layi-layi idan an koma janareto, wutar ce ba ta tsaya ba, kuma VGA ta fi jin haka. A raba wayar hoto da wayoyin wuta, a gwada HDMI in akwai. Masu sola su tuna allo na biyu ƙarin kaya ne a kan inbata, su duba takardar bayansa su ga wutar da yake ja.

Aikin aji

Ku kasu biyu-biyu. Ɗaya ya juya baya, ɗayan ya ɓata abu guda: ya sassauta waya, ya canza "Input", ko ya musanya akwatunan 1 da 2. Mai gyara ya faɗa wa malam da baki abin da zai fara dubawa kafin ya taɓa komai. Kowa ya kwafe sunayen kafofin da xrandr ya nuna masa a littafinsa, ya zo da su darasi na gaba.