Yadda Ake Haɗa Wa Yara Allon Gwada Tsayin Dabbobi a Gida

In ka ce wa yaro raƙumin dawa ya haura mita 5, kai kawai zai gyaɗa. Amma ka tsayar da shi jikin bango, ka nuna masa cewa jaririn raƙumin dawa tun ranar haihuwarsa ya kai tsayin baban yaron, nan za ka ga ya zaro ido. Shi ya sa na fi son allon da yaro zai tsaya kusa da shi a kan hoton littafi.

Kayan ba su da yawa: farin kwali babba guda 3, tef ɗin awo irin na tela, maka ta rubutu, da gam. Duk za ka same su a kasuwar Kejetia da ke Kumasi.

Da farko nemi bangon da ƙasansa ba ta da gangara. Mu da ke gidan haya a Aboabo ko Asawase, gara a manna kwali da a zana a bangon mai gida. Haɗa kwali biyu a tsaye, ka ja layi daga ƙasa har mita 2, kana sa alama a kowane santimita 10.

Sai ka fara da dabbar da yara suka sani. A kamo akuyar tsakar gida, su auna da hannunsu. A nan ake yawan kuskure: dabba mai ƙafa huɗu daga ƙasa zuwa doron kafaɗa ake aunawa, domin kai yana hawa yana sauka. Gajerun awakinmu na kudu kusan rabin mita ne. In babbar Sallah ta zo, a gwada ragon layya ma. Bayan haka ka saka zaki a mita 1.2, jaririn raƙumin dawa a mita 1.8, amma shi har kai ake aunawa.

Manyan ba za su shiga bango ba, kwali na uku nasu ne. A kansa kowane santimita 10 ya tsaya a madadin mita 1. Toron giwa, irin na gandun dajin Mole, ya kan kai mita 3 a kafaɗa, wato santimita 30. Namijin jimina mita 2.7, babban raƙumin dawa mita 5.5, su biyun har kai ake aunawa, ka rubuta hakan a gefe. Kusa da su zana ɗan yaro mai santimita 12, shi ne yaro mai mita 1.2.

Daga nan kowane yaro ya cire takalmi, ya jingina da bango, a ja masa layi da sunansa da kwanan wata. Ku sake awon duk bayan wata 6. Ranar da za ku gidan zu na Kumasi, wanda ke dab da Kejetia, ɗauki hoton allon a waya, su riƙa dubawa a gaban kowane keji.