Fenti kore mai ruwan toka: yadda ake haɗa shi da shafa shi a ɗaki

Launin da ake nufi shi ne irin na ganyen tumfafiya ko garin kuka, koren da toka ta kashe wa kaifi. Yana kwantar da ido a falo da ɗakin kwana, kuma ya fi fari ɓoye ƙurar hunturu. Sai dai launi ne mai bin haske, don haka kada a zaɓe shi daga ɗan katin da ke shago.

A fara sayen lita 1 a gwada. A shafa faɗin mita ɗaya, shafi biyu, a bangon da ke fuskantar taga, a kuma shafa a bangon da ke inuwa. A duba da hantsi, da la'asar, da kuma dare bayan an kunna wuta. Farin ƙwan lantarki mai lamba 6500K (lambar da ke nuna launin haskensa) yana janye koren, ɗakin ya koma toka mai sanyi kamar na asibiti. Mai 3000K yana ƙara masa rawaya. Mai 4000K ne ya fi nuna shi yadda yake. Jan tayil ko jan labule kuwa suna sa koren ya fito fiye da yadda aka so.

Wajen haɗi ake yawan ɓata shi. Masu fenti sukan zuba kore da baƙi cikin fari su tsaya nan, launin ya fito a mace. A ƙara ɗan launin ruwan ƙasa mai rawaya, kaɗan-kaɗan, ana motsawa har ƙasan bokiti. Duk fentin da ɗakin zai ci a haɗa shi lokaci guda a mazubi ɗaya, domin haɗi na biyu ba ya taɓa zama daidai da na farko, kuma bambancin zai fito ƙarara a tsakiyar bango. A jira gwajin ya bushe kafin a yanke hukunci, ɗanyen fenti ba shi ne launin ƙarshe ba.

Ɗaki mai ƙafa 12 tsawo da faɗi, ƙafa 10 zuwa silin, bangonsa ya kai murabba'in mita 40 idan an cire ƙofa da taga. Fenti mai kyau lita 1 tana cin kusan murabba'in mita 10, shafi biyu ke nan lita 8, wato galan biyu. Ruwan da za a ƙara kada ya wuce lita 1 cikin 10. Idan ya yi yawa bangon zai yi dabbare-dabbare.

Sabon filasta a bar shi aƙalla mako 4 ya sha iska, sannan a shafa fentin ƙasa, wato wanda ake fara shafawa kafin ainihin launin. In an yi gaggawa, danshi zai turo farin gishiri, wanda a kan wannan launi yake fitowa fili. A fara zagaye kusurwoyi da buroshi, a bi da rola tun gefen bai bushe ba, a gama bango ɗaya kafin a huta. Lokacin zafi a kashe fanka a yi aikin da sassafe, in ba haka ba sawun rola zai kwanta. Tsakanin shafi da shafi a bar awa 4.

Silin a ba shi farin madara, fari tas yana sa bangon ya yi kamar ya yi dauɗa. Katako, tabarmar kaba da kujeru masu ruwan ƙasa suna dacewa da shi sosai. A kicin da hanyar da yara ke bi, a yi amfani da mai ɗan sheƙi wanda ake iya gogewa da jiƙaƙƙen tsumma.