Kurakuran da Ke Kayar da Mai Neman Kujerar Majalisa, da Yadda Ake Kauce Musu

Daren da aka kayar da ɗan takararmu, ina zaune a ofishin kamfen da littafi a cinyata, ina jiran wakilanmu su bugo su faɗi abin da aka samu a rumfunansu. Kwana uku kafin nan mun yi gangamin rufe kamfen, fili ya cika ya batse, har maigidan ya sauko daga mumbari yana share hawaye. Amma dare ya raba layuka da yawa a littafina babu ko lamba ɗaya a kansu. Wani wayarsa ta mutu tun la'asar. Wani ya tafi neman abin da zai ci, kafin ya dawo an gama ƙirga. Wani kuma da na samu da ƙyar ya ce mini, "Wallahi yaya, ban san ana karɓar takarda ba." Ba na zarginsu. Mu ne muka tura su ba horo ba guzuri, muna can muna ƙirga kawunan mutane a fili.

Tun daga ranar nake lura da yadda 'yan takara ke faɗuwa, kuma da wuya ka ga wanda ya faɗi don bai iya jawabi ba. A kan ƙananan abubuwa ake faɗuwa: fom, katin jam'iyya, mutumin da aka ɓata wa rai aka manta, takardar sakamakon rumfa. Su ne abubuwan da ɗan takara yake ganin ya fi ƙarfinsu, sai ya bar wa yara.

Takardu

Kafin ka buga fosta, ka zauna da lauya ku karanta sharuɗɗan tsayawa layi bayan layi. Kowace ƙasa da nata. A Najeriya, tun bayan gyaran da aka yi wa tsarin mulki a 2018, ɗan shekara 25 yana iya neman Majalisar Wakilai ko ta jiha, Majalisar Dattawa kuwa sai 35. Dole jam'iyya ta tsayar da kai, kuma ma'aikacin gwamnati sai ya ajiye aiki aƙalla kwana 30 kafin zaɓe. A Birtaniya mutum yana iya tsayawa ba jam'iyya, amma sai masu zaɓe 10 na mazaɓar sun sa masa hannu, ya kuma ajiye fam 500 da ba za a mayar masa ba idan bai kai kashi 5 cikin 100 na ƙuri'u ba.

Manya ma wannan ramin yana cinye su. A Ostareliya, a watan Oktoba na 2017, babbar kotun ƙasar ta soke zaɓen 'yan majalisa biyar saboda suna da shaidar zama 'yan wata ƙasa, cikinsu har da mataimakin firaminista Barnaby Joyce, wanda ya gaji zama ɗan New Zealand ta wajen mahaifinsa. A Gana, James Gyakye Quayson ya ci kujerar Assin ta Arewa a 2020, amma a 2023 Kotun Ƙoli ta ce lokacin da ya miƙa fom bai gama rabuwa da zama ɗan Kanada ba. Sai da ya koma ya sake cin zaɓen cike gurbi. A Bayelsa kuwa, ranar 13 ga Fabrairu 2020, ana gobe rantsuwa, Kotun Ƙoli ta karɓe kujerar gwamna daga hannun David Lyon saboda saɓanin sunaye a takardun mataimakinsa.

Gyaran ba shi da wuya. Ka baza dukkan takardunka a tebur: na haihuwa, na makaranta, katin zaɓe, katin jam'iyya. Ka duba ko suna da ranar haihuwa sun zo ɗaya a kowanne. Inda suka saɓa, a gyara ta hanyar doka tun da sauran lokaci, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Kada kuma ka bari wani ya cika maka fom ka sa hannu ba ka karanta ba. Kuma kada ka ƙara shaidar karatun da ba ka da ita don burge mutane, abokin hamayyarka yana da lauya wanda aikinsa ke nan.

Tikiti da raunukan da yake bari

Da yawa suna fara kamfen a gaban jama'a alhali ba su ci zaɓen cikin gida ba. Wanda zai fitar da kai a zaɓen fid da gwani daban, wanda zai zaɓe ka a babban zaɓe daban. Shugaban jam'iyya na gunduma, sakatarensa, shugabar mata, matashin da ke buɗe ofis kullum, waɗannan su ne masu zaɓenka na farko. Wanda ya sauko musu wata biyu kafin zaɓe da jerin motoci, za su karɓe shi hannu bibbiyu, su ce "Ranka ya daɗe, an gama," su kuma zaɓi wanda ya shekara uku yana halartar taronsu.

Sannan ka sa ido kan yadda jam'iyyarka ke gudanar da zaɓen fid da gwanin kansa, ko da an yi maka alkawarin tikiti. A Zamfara, APC ta lashe komai a 2019: gwamna, sanatoci 3, 'yan Majalisar Wakilai 7, 'yan majalisar jiha 24. Ranar 24 ga Mayu Kotun Ƙoli ta ce jam'iyyar ba ta yi sahihin zaɓen fid da gwani ba, ƙuri'unta duka sun tashi a banza, kujerun suka koma hannun waɗanda suka zo na biyu. A cikin mutanen nan akwai waɗanda babu ruwansu da rigimar manya, amma ta ci su. Don haka ka tabbata an sanar da hukumar zaɓe a kan lokaci, jami'anta sun halarta, jerin masu kaɗa ƙuri'ar da aka yi amfani da shi shi ne halastacce, kuma ka riƙe kwafin sakamakon.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne abin da ke biyo bayan samun tikiti. Mutum ya kayar da 'yan uwansa na jam'iyya, maimakon washegari ya taka har gida ya same su, sai ya bar yaransa suna yi musu habaici a Facebook. Wanda ka kayar yana da mutane a kowace gunduma, kuma ba sai ya sauya sheƙa zai cutar da kai ba. Ya isa ya ce wa mutanensa su zauna a gida ranar zaɓe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ka je da ƙafarka, kada ka aika. Ka saurari ƙorafinsa har ya gama, ka ba mutanensa gurbi na gaske a kwamitin kamfen, kuma kada ka yi masa alkawarin abin da ka riga ka yi wa wani.

Taro ba ƙuri'a ba ne

Nan ne mu muka faɗi, don haka zan ɗan daɗe a kai. Gangami yana da daɗi, yana ƙara wa magoya baya ƙarfin gwiwa, amma ba ya gaya maka komai game da sakamako. A cikin masu ɗaga hannu akwai wanda ba shi da katin zaɓe, akwai wanda rumfarsa tana wata mazaɓa, akwai yara, akwai wanda jiya yana gangamin abokin hamayyarka kuma gobe yana na wani. Taron tsintsiya ne, ba shara.

Abin da ya kamata ka mallaka shi ne lissafi. Ka nemo sakamakon zaɓuka biyu ko uku da suka wuce, rumfa-rumfa. Mutum nawa ke da rajista, nawa suka fito, da ƙuri'a nawa aka ci kujerar? A zaɓen shugaban ƙasa na Najeriya na 2023, waɗanda suka fito ba su kai kashi 30 cikin 100 na masu rajista ba, wato mafi yawan mutanen da kake gani a hanya ba sa zuwa layi. Daga wannan lissafin za ka fitar da adadin da kake buƙata, ka raba shi kan rumfuna, kowace rumfa ka san abin da kake nema a cikinta da sunan wanda zai kawo shi. Sai ka kasa rumfunan gida uku: naka, na abokin hamayya, da na tsakiya. 'Yan takara suna son zama a nasu saboda can ake yi musu tafi. Can aikin kawai shi ne a fitar da mutane ranar zaɓe. Ƙafarka da bakinka na tsakiya ne ke buƙatarsu.

Ka kuma san irin tsarin da kake takara a cikinsa. A Najeriya, Gana da Birtaniya, wanda ya fi ƙuri'a a mazaɓa shi ya ci ko da da guda ɗaya ne. A Faransa ana zagaye biyu, don haka wanda ka zaga a zagayen farko kana iya neman mutanensa bayan mako guda. Inda ake zaɓen jerin sunayen jam'iyya kuwa, kamar Afirka ta Kudu, matsayinka a jerin shi ne rabin yaƙin.

Akwai kuma masu kewaye ɗan takara. Duk wanda ya fito takara zai tara mutanen da abincinsu ya dogara da jin daɗinsa, kuma ba za su taɓa kawo masa labari mara daɗi ba. Ka ware mutum biyu ko uku waɗanda ba sa neman komai a wurinka, ka ba su izinin gaya maka gaskiya ko da ɗaci. Matan da ke shiga gida-gida sun fi kowa sanin inda ake ƙin ka da dalili. Abin kunya ne yadda ake kiransu su cika fili, amma ranar zaman shawara ba a ajiye musu kujera.

Baki da aljihu

Ɗan majalisa aikinsa yin doka, amincewa da kasafin kuɗi, bin diddigin yadda aka kashe shi, da kai kukan mazaɓa inda za a ji. Ba shi ke ba da kwangilar titi ba. Wanda ya yi alkawarin asibiti da aiki ga kowane matashi ya ɗaura wa kansa bashin da ba zai iya biya ba, kuma za a tuna masa. Ka ɗauki matsaloli biyu ko uku da ka san ciki da wajensu, ka faɗi abin da ke hannunka da abin da sai dai ka matsa wa wasu su yi. Mutane sun gaji da romon baka, kan mage ya waye.

Baki kuma shi ke yanka wuya. A 2010 firaministan Birtaniya Gordon Brown ya shiga mota bayan ya gana da wata mata a Rochdale, ya manta da makirufo a rigarsa, ya aibata ta, duniya ta ji. Yau kowane aljihu akwai waya. Abin da sojojin bakanka suka faɗa ma a kanka yake. 'Yan banga kuwa kada ka soma: yaron da ka ba makami yau ɗan wani ne, kuma bayan zaɓe ba ya ajiye shi.

Kuɗi a taƙaice: kada ka sayar da gidan da iyalinka ke ciki, kada ka ci bashin da faɗuwa za ta mayar da shi masifa, kuma ka tambayi duk ubangidan da zai ɗauki nauyinka abin da yake so kafin ka karɓa. Ka san iyakar da doka ta sa, ka ajiye rasit. Nicolas Sarkozy, tsohon shugaban Faransa, kotu ta same shi da laifi a 2021 kan wuce iyakar kuɗin kamfen ɗin 2012. Sannan kada ka ƙarar da komai a fosta da gangami. Ka killace kason ranar zaɓe tun farko, kada kowa ya taɓa shi.

Ranar zaɓe da abin da ke bayanta

A 2017 an ci kujerar Fife ta Arewa maso Gabas a Sikotland da ratar ƙuri'a 2. Rumfa ɗaya da aka bari ba wakili ta isa ta juya irin wannan sakamako. Wakilinka ya zama ɗan wannan rumfar, wanda ya san fuskokin masu zaɓe, ya iya karatu da lissafi, kuma an zaunar da shi an nuna masa samfurin takardar sakamako, wadda a Najeriya ake kira EC8A. Ya san ba ya barin wurin sai an ƙirga a gabansa, an rubuta, ya duba lambobi sun yi daidai da kalmomi, ya sa hannu, ya karɓi kwafinsa, ya ɗauki hotonsa. A ba shi tocila, abin cajin waya, katin waya, da haƙƙinsa tun da safe, a kuma haɗa shi da na biyu wanda zai tsaya idan ya fita. A wurin tattara sakamako ka tura mafi nutsuwa cikin mutanenka, da kwafin kowace rumfa a hannunsa.

Idan ka tabbata an zalunce ka, lokaci ba ya jira. A Najeriya kwana 21 ne daga bayyana sakamako don shigar da ƙara, kwana 14 kacal ga rigimar da ta taso kafin zaɓe, kuma shari'ar ƙalubalantar sakamakon zaɓen kujerar majalisa a Kotun Ɗaukaka Ƙara take ƙarewa. Alƙali ba ya karɓar "kowa ya gani". Takarda yake so, rumfa-rumfa, da shaidun da suka tsaya a wurin. Idan ba ka da su, lauya mai gaskiya zai gaya maka, ka saurare shi.

Ko ka ci ko ka faɗi, kada ka canza lambar waya. Cikin mako biyu ka zagaya gundumomi ka gode wa wakilanka ɗaya bayan ɗaya, ka biya duk wanda ake bin ka bashin aikinsa, ka zauna da kowane shugaban gunduma da takardun sakamako a gabanku, ku bi su rumfa-rumfa ku rubuta abin da ya faru a kowacce tun ba a manta ba.